Yashin Malam Isiyaku da Hatsin Buba

Masu zama a zaurena yanzu suna ganin sana'ata ba ta da wuya. Ina kiransu yara, amma wasunsu da gemunsu, har da mai 'ya'ya uku. Ɗaya daga cikinsu, Nasiru, mai sayar da man mashin a bakin tasha a nan Isa, ya taɓa dubana ya ce, "Allah shi gafarta Malam, shi manɗiƙin ga ba gardama ta ba? Ai kullum muna yin ta wurin mai shayi." Ban ji haushi ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo. Manɗiƙi ilimi ne na auna magana, a ga ko hujjar da aka ɗora ta a kai za ta iya ɗaukar ta. A teburin mai shayi wanda ya fi murya shi ke tashi da nasara. A wajenmu kuwa sau da yawa kai da kanka za ka rushe maganar da kake so ta tsaya. Za ni ba ku labarin wanda ya koya mini, da na shekarar da wani bawan Allah mai suna Buba ya kusa rasa gidansa da sunansa a kan dami huɗu na gero.

Malamina sunansa Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Bagobiri ne na Sabon Birni, gajere, da tsagensa a kumatu, da gwiwa ɗaya mai ciwo wadda yake yi wa faɗa kamar tana ji. Ya yi karatun zaure kamar kowa, ya haddace baitocin manɗiƙi na Larabci tun yana saurayi, kuma shi da bakinsa ya ce ya haddace su ne kamar yadda ake haddace sunayen garuruwan da ba a taɓa zuwa ba. Daga baya ya bi wansa fataucin fata zuwa Maraɗi. A can ya yi maƙwabtaka da wani mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar bokon can, mai koyar da lissafi, wanda ya nuna masa yadda ake zana magana da da'ira, a sa ƙarama cikin babba, a ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Shekara huɗu ya yi a can. Wansa ya dawo da raƙumi, shi ya dawo da takarda guda a ninke cikin aljihu, kuma har wan ya rasu bai daina yi masa tsiya a kan wannan ba.

Abin da ya yi da takardar nan shi ya sa ake tunawa da shi. Ya ɗauki ilimin da ake rerawa da Larabci ba a gane ba, ya mayar da shi Hausa, ya cika shi da awaki da jakuna da rumbuna. Ya rubuta ɗan littafi da ajami, kowane ɗalibi ya kwafi nasa da hannu, nawa yana nan cikin gafaka har gefensa ya cinye. Ɗalibansa sun zama limamai da malaman makaranta da masu sulhu, daga nan har tsallaken iyaka. Ba ka buƙatar a gaya maka wane ne ɗalibinsa. Ka faɗi magana a gabansa kawai, za ka ji ya tambaye ka daga ina ka ɗauko ta.

Aikina na farko a wurinsa ɗibar yashi ne. Na zo daga Turba ina da shekara ashirin da takwas, da aurena, na karanta fiƙihu daidai gwargwado, kuma babu wanda ban kayar da baki ba a garinmu. Na zaci zai buɗe mini littafi. Sai ya miƙo mini buhu da rariya ya ce in tafi gulbi. Kayan aikinsa ke nan gaba ɗaya: yashi mai laushi da aka tankaɗe, karan dawa guda mai tsini, da tsakuwoyi farare da baƙaƙe cikin tsohon gwangwanin madara. An taɓa kawo masa allon bango da alli kyauta, ya ba makarantar unguwa. Ya ce yashi ba ya kunyata ɗalibi, in ka yi kuskure tafin hannu ɗaya ya shafe shi, babu wanda zai zo gobe ya gani. Amma yashin sai an tankaɗe, don in da tsakuwa ko ƙaya a ciki layin zai karkace, shi kuwa ba ya son karkataccen layi ko a wasa.

Darasin farko har yau ina jin kunyarsa. Ya zana babbar da'ira ya ce dabbobi ke nan. Ya zana ƙarama a ciki ya ce awaki. Sai ya nuna jakin maƙwabcinsa da ke ɗaure a ƙofar gida.

"Akuya dabba ta?"

Na ce, "Awo."

"Jakin ga hwa, dabba na?"

"Awo, Malam."

"To ashe jakin ga akuya na."

Na ce a'a. Ya ce don me. Na buɗe baki, ni da na gagari mutanen Turba, na rasa abin faɗa sai cewa ai kowa ya sani. Ya ce a zaurensa duk wanda ya ce kowa ya sani zai tafi gulbi ya ɗebo yashi. Kwana uku ina zuwa gulbi kafin in ga abin da ke gaban idona: jaki da akuya duk suna cikin babbar da'ira, amma zama a gida ɗaya bai mayar da ɗaya ya zama ɗayan ba. Shekara uku na yi ina tankaɗe kafin ya bar ni in riƙe karan a gaban mutane.

Masu zuwa wurinmu ba ɗalibai kaɗai ba ne. Akwai masu wa'azi da ke son a wasa musu baki don su kayar da abokin hamayya, waɗannan ba sa daɗewa, don Malam yakan fara da rushe tasu hujjar. Akwai wani Alhaji mai albasa da ya zo yana rantsuwa cewa duk ranar kasuwar da maƙwabcinsa ya riga shi gaisuwa, ciniki ba ya kyau. Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi tsakuwoyi ya ce kowace kasuwa ya ajiye fara in ta yi kyau, baƙa in ba ta yi ba, ya ware na ranar gaisuwa da na ranar da ba gaisuwa. Bayan wata uku Alhaji ya dawo da ƙulli biyu, muka zazzage, kowanne a gauraye. Ya daɗe yana kallon su, sannan ya ce shi dai har yanzu bai yarda da idon mutumin ba. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ba shi fura.

Matsalar da muka sha fama da ita ɗaya ce. A ƙasarmu duk wanda ya ga malami ya sunkuya a kan yashi yana zane yana jera tsakuwa, abu ɗaya ke zuwa ransa: bugun ƙasa, irin na masu duba da ke faɗa wa mutum ɓoyayyen abu. Sai ka ga tsohuwa ta zo da kaza a hammata, akuyarta ta ɓata, a duba mata. Ni aka ɗora wa aikin mayar da su. In yi bayani, in rantse, su tafi suna cewa Malam ɓoye baiwarsa yake yi, na gaske ai haka suke. Abin yana ba ni dariya, shi kuwa yana ɓata masa rai ƙwarai.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai, gonaki suka bushe a tsaye. Ɗalibai suka watse neman abinci, daga mu ashirin da wani abu muka koma mu huɗu. Malam ya sayar da ragonsa, muka koma kwaɗon tafasa da ɗan garin rogo. Bai fasa darasi ko rana ɗaya ba, sai dai muryarsa ta ragu. A cikin wannan hali ne wata Talata da safe ɗan aike ya zo daga wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Gangara, ya ce mai garinsu na roƙon Malam ya zo, an yi sata, ana son a raba gardama. Na ɗauki ɗan buhun yashi da gwangwani kamar yadda na saba, muka hau jakuna.

Mun iske gari duka a ƙofar mai gari. A gefe ga wani dogon mutum zaune a ƙasa, an ɗaure hannunsa da igiya a jikin turke. Shi ne Buba, maginin rijiya, wanda ya zo daga tsallaken iyaka shekara shida da suka wuce ya zauna da matarsa da 'ya'ya uku. Ba shi da gona, ba shi da dangi a garin. Mai gari ya yi bayani: an buɗe rumbun wani manomi, Ɗan Ige, an kwashe dami bakwai, aka bi gida gida, aka iske dami huɗu a ɗakin Buba. In ta tabbata shi ne, za a ba Ɗan Ige hatsin, shi kuma ya bar garin da iyalinsa kafin Juma'a. A shekara irin wannan, korar mutum da 'ya'ya uku ba hatsi, da sunan ɓarawo a kansa, kowa a wurin ya san abin da take nufi.

Ɗan Ige ya miƙe a fusace, don shi ma abincin 'ya'yansa ne aka ɗauke. Ya ce, "Malam, maganar ga ba ta da tsawo. Wanda yas sata, hatsi na gida nai. Buba, hatsi na gida nai. Mi ar rage?"

Buba ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Rijiya nig gina ma wani Alhaji a Burkusuma, shi yab ba ni."

Malam ya ce in zuba yashi. Na zuba, na lallaɓa shi da tafin hannu. Ya zana babbar da'ira ya ce masu hatsi a gida ke nan. Ya sa baƙar tsakuwa a ciki ya ce ɓarawo, ya sa fara ya ce Buba. Ni na ga jaki da akuya nan take. Amma da na ɗaga kai sai na ga wurin ya yi tsit, wani dattijo ya tuɓe takalmansa, mata sun leƙo ta kan darnin kara, wani yana motsa baki da addu'a. Ba darasi suke kallo ba. Malam bai lura ba, idonsa na kan yashi. Ya ce, "Wanga bai nuna Buba yas sata ba."

Sai magana ta bi cikin taron, daga baki zuwa baki: ƙasa ta wanke shi. Mai gari ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Tunda ƙasa ta hwaɗi, a kwance shi." Ɗan Ige ma ya sunkuyar da kai, bai yi musu ba. Dogarin mai gari ya durƙusa ya fara kwance igiya. Na ji daɗi har cikin raina, na fara tattara tsakuwoyi da sauri don mu tashi kafin wani ya sake tunani.

Malam ya ce, "Dakata. Wace ƙasa?"

Na kama gefen rigarsa na ja, na ce a hankali, "Malam, don Allah a bar shi hakanan."

Ya fizge rigarsa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasa ba ta ce komi ba. Yashin gulbi na, wanga yat tankaɗe shi da rariya. Ni ba ni duba. Ban san ko Buba ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Abin da nic ce, hujjarku ba ta kai ba." Ya ɗauki wata tsakuwa ya tambayi mai gari ko akwai hatsi a gidansa. Mai gari ya ce akwai. Malam ya jefa ta cikin da'irar ya ce, "To ga ka ciki kai ma, kusa da ɓarawo." Wasu samari suka yi dariya, mai gari bai yi ba.

Ɗan Ige ya ce, "Mai gari noma shikai. Buba ina gona tai?"

Malam ya juya gare shi da fara'a, irin wadda yake wa ɗalibin da ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, "Wagga ita am magana. Ina yas samu? Ya hwaɗi inda yas samu. Wa at tahi Burkusuma yat tambaya?"

Babu wanda ya je. Mai gari, wanda ransa ya riga ya ɓaci, ya ce tunda Malam da bakinsa ya ce bai sani ba, Buba zai zauna a tsare har Juma'a, in ba a kawo shaida ba hukunci na nan yadda yake. Dogari ya mayar da igiyar da ya kwance rabi. Matar Buba ta fashe da kuka a bayan darni. Buba ya ɗaga kai karo na farko ya dubi Malam, kallon da ban so a yi mini irinsa ba.

Ban taɓa jin haushin malamina kamar ranar ba, kuma a hanya na kasa riƙewa. Na ce mutum ya kuɓuta, an kwance shi, shiru kawai ake nema a wurinka, ba ƙarya aka ce ka yi ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Gobe in wani ya zaka da buhun yashi nai yac ce ƙasa ta kama Buba, da mi za ka kare shi? Ka ce musu yashinmu ya hi nashi?" Duk da haka haushin bai sauka ba, don ni kukan matar nake ji.

Washegari ya aro mashin wurin wani tsohon ɗalibinsa, na tuƙa, ya hau baya da gwiwarsa a miƙe. Hanyar Burkusuma a lokacin yashi ce zalla. Sau uku muna faɗuwa, sau uku yana tashi yana yi wa gwiwar faɗa yana cewa in tayar mu tafi. Muka isa muka iske Alhajin da Buba ya faɗa ya tsallaka iyaka cin kasuwa, sai gobe. Muka jira. Ranar Alhamis da hantsi ya dawo, ya ce ƙwarai Buba ya gina masa rijiya, ya ba shi dami huɗu daga tsohon rumbunsa. Na ce to shi ke nan, mu koma mu faɗa. Malam ya ce a'a, maganarmu ba shaida ba ce, mu ma ji muka yi. Ya zauna yana lallashin Alhaji har ya yarda ya biyo mu a kan nasa mashin.

A nan ne na ga aiki irin wanda ba a koyo a littafi. Da muka iso, Malam ya hana a fito da hatsin, wanda mai gari ya kulle tun ranar bincike, Ɗan Ige bai ko duba shi ba. Ya san in aka fito da shi, Alhaji zai ce nasa ne, Ɗan Ige zai ce nasa ne, a koma inda aka fito. Ya sa aka kai Alhaji bayan gari, ya tambayi Ɗan Ige a gaban jama'a yadda damman da aka sace masa suke. Ɗan Ige ya ce hatsin bara ne, ɗaurin ɓawon kalgo, irin na gidansu. Aka kawo Alhaji, shi bai ji abin da aka faɗa ba. Ya ce nasa na bara waccan ne, ya yi duhu, ɗaurin kaba ne ƙulli biyu, kuma akwai dami ɗaya da ɓera ya ci gefensa, har ya ji kunyar bayar da shi. Sannan Malam ya ce a fito da su. Aka jera dami huɗu a rana. Ɗan Ige ya durƙusa ya taɓa kabar, ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa ya sansana, ya juya damin da ɓera ya ci. Ya ce, "Ba nawa ba na." Shi da kansa ya je ya kwance igiyar. Wanda ya buɗe rumbunsa kuwa har yau ba a san shi ba.

Na zaci daga nan gida za mu. Malam ya ce in raka shi gidan Buba. Muka iske shi zaune a ƙofar ɗakinsa yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Ya amsa sallama a taƙaice, bai shimfiɗa mana tabarma ba. Malam, da shekarunsa da gwiwar nan tasa da ta kumbura kamar tulu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa. Ya ce ya zo neman gafara ne, kwana biyun nan da Buba ya ƙara a turke shi ya ja masa, ya sani, kuma ba zai ce bai sani ba.

Buba ya ce, "Da ka yi shiru, Malam, da na kwana cikin ɗiyana tun Talata."

"Gaskiya ta."

Buba ya dube shi ya ce, "Tsakaninka da Allah, ran nan ba ka san ban ɗauka ba?"

"Ban sani ba."

"Har sa'ad da kat tahi Burkusuma?"

"Har sa'ad da anka hiddo hatsin."

"To mi yas sa ka wahal da ƙahwarka saboda mutumin da ba ka san ko ɓarawo na ba?"

Malam ya ce, "Su ma ba su sani ba, kuma za su kore ka."

Buba ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana ce wa matarsa ta ɗora ruwan zafi. Ya fito da tabarma da tsumma, ya zaunar da Malam, ya naɗe masa ƙafar wando, ya fara gasa masa gwiwar da hannunsa.